Taswirar waya ta ce awa 6, mun yi 11

1/ Jama'a bari in ɗan yi zare a kan abin da ya same ni makon jiya, don har yanzu raina bai gama hucewa ba. An kira ni ganawar neman tallafin karatu a Abuja, ƙarfe 3 na yamma. Daga Kano zan tashi. Na duba taswirar waya, ta ce awa 6 da 'yan mintuna.

2/ Na yi lissafi irin na ɗalibi: in na bar gida ƙarfe 6 na safe, ai har sai na samu lokacin guga. Ban da kuɗin kwana a Abuja, shi ya sa ban tafi tun ana gobe ba.

3/ Kuskuren farko: taswira tana fara ƙirga lokaci ne daga sanda taya ta fara juyawa. Ba ta san lodi ba. Na isa tasha 6:20, kamasho ya ce saura mutum biyu. Kun dai san "saura mutum biyu" na kamasho. Sai 8:10 muka tashi.

4/ Kano zuwa Zariya lafiya lau, Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, duk muka wuce ba wata matsala in ban da shingayen bincike. Kowane shinge minti biyar ne ko goma, amma ka tara su ka gani. Ga shan mai, ga tsayawa cin abinci a Kaduna. Babu ɗaya da ke cikin lissafin waya.

5/ Bayan Kaduna ne labari ya canja. Wajen da ake aiki an mayar da kowa hannu ɗaya, sai ga tirela ta lalace a tsakiya kafin Tafa. Masu gaggawa suka buɗe layi na biyu da na uku, na gaba ma suka yi haka, aka haɗe goshi da goshi. Shi ke nan.

6/ Ina zaune wayar tana cewa "saura awa 1 da minti 40". Bayan awa guda na sake dubawa: saura awa 1 da minti 45. Wallahi dariya na yi, ta baƙin ciki.

7/ Don a yi adalci, manhajar ba duba take yi ba. Tana amfani da saurin wayoyin da ke kan hanya da abin da aka saba yi a baya. Inda sabis ya yi rauni ko masu kunna data ba su da yawa, hasashe kawai take yi. Tana ganin motoci sun tsaya, ba ta ganin dalili, balle ta san yaushe za a janye tirela.

8/ Abin da ya fi tsorata ni shi ne da ta nuna wata hanya ta cikin ƙauyuka, wai za mu rage minti 30. Na miƙa wa direba. Ya kalle ni ya ce, "Ɗana, wayarka ta san su wa ke cikin dajin nan?" Na yi shiru. Gaskiyarsa. Ita gajarta take aunawa, shi kuma rayuka ya ɗauko.

9/ Amma ba wayar na fi jin haushi ba. Hanyar Abuja, Kaduna, Zariya zuwa Kano kusan kilomita 375 ce, tun 2018 aka fara gyaranta. Ina sakandare lokacin. Yanzu ina shirin rubuta furojet, ana nan ana yi.

10/ Su ma masu kiran ganawa su ji tsoron Allah. Saƙo ranar Litinin da dare, ganawa Laraba, kuma dole sai ka zo da ƙafarka. Abin da za a yi a bidiyo cikin minti goma.

11/ Mun shiga Zuba ana kiran magariba. Na buga lambar da aka ba mu, aka ce an tashi. Na kwana wajen wani ɗan ajinmu, da safe na je na roƙa, suka karɓi takarduna suka ce za su neme ni. Har yau shiru.

12/ Har yanzu ina buɗe taswirar, musamman don ganin jan layin gosulo. Sai dai yanzu in ta ce 6, ni 10 nake rubutawa, kuma sai na tambayi direban da ya dawo jiya.

13/ Ranar Juma'a zan sake bin hanyar, bikin yayata. Waɗanda suka wuce Tafa a 'yan kwanakin nan, yaya wajen yake?