NigComSat-1R: Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk wanda ya ratsa Kurmin Sarki a Suleja da sassafe, lokacin da ma'aikata ke rububin motar Abuja, zai ga kwanonin dish jere a kan rufin gidaje, kowanne ya kafe fuskarsa wuri guda. Mai haɗa dish yana ɗaure shi sau ɗaya, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, shekaru su shuɗe ba a sake taɓa shi ba. Dalili kuwa shi ne akwai injiniyoyin da ba sa barin tauraron da kwanon ke kallo ya gusa daga mazauninsa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan taurari mallakar Najeriya ne, kuma tsufa ya cim masa.

An harba NigComSat-1R ranar 19 ga Disamban 2011 daga Xichang ta ƙasar Sin, aka ajiye shi a digiri 42.5 gabas, a saman layin da ya raba duniya biyu. Daga Suleja yana ta gabas, kimanin digiri 48 sama da doron ƙasa. An ƙera shi don ya yi shekara 15, wato wa'adinsa na cika a ƙarshen 2026. Kamfanin NIGCOMSAT ya bayyana cewa tattalin mai zai kai shi 2028, kuma akwai shirin maye gurbinsa da NigComSat-2A da 2B. Labari ne mai daɗi, amma shekara biyu ba ta da yawa a wannan harka.

Tauraron yana nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, yana gudun kusan kilomita uku a daƙiƙa, ya kewaye duniya daidai da lokacin da take juyawa sau ɗaya. Shi ya sa ake ganinsa kamar a tsaye. Sai dai rana da wata suna jansa, suna karkatar da falakinsa da kusan digiri ɗaya a kowace shekara, rashin daidaiton surar duniya kuma yana tura shi gabas ko yamma. Tashar kula da shi da ke Abuja, tare da ta Kashi a Sin, ita ke auna inda yake, ta kunna ƙananan injunansa lokaci zuwa lokaci don mayar da shi gurbinsa. Kowace kunnawa mai take ci, kuma ba shi da inda zai ƙara. Saboda haka ran irin wannan tauraro a tankinsa yake.

Gyaran karkatar arewa da kudu shi ne ke lashe mafi yawan man. Idan mai ya yi ƙasa, masu taurari a duniya sukan daina wannan gyara, su bar tauraron yana lilo arewa da kudu a kowace rana, lilon yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Dabarar tana ƙara wa tauraro kwana, amma tana da farashi. Manyan tashoshi masu kwanon da ke bin tauraro da kansa za su ci gaba da aiki. Ƙaramin kwanon da aka ɗaure da ƙusa a rufin asibitin ƙauye, ko makaranta, ko sansanin jami'an tsaro a daji, zai fara rasa sigina na wasu sa'o'i, daga bisani ya rasa na mafi yawan yini. Waɗanda aka sayi tauraron dominsu su ne za su fara ji a jikinsu. Bayan haka, dole a rage man da za a ɗaga shi kimanin kilomita 300 sama, zuwa falakin da ake ajiye matattun taurari, don kada ya zama haɗari ga maƙwabtansa.

Najeriya ta taɓa ɗanɗana zama babu tauraro. NigComSat-1 da aka harba a Mayun 2007 ya mutu a Nuwamban 2008 sakamakon lalacewar faifansa na hasken rana. Inshora ce ta ɗauki nauyin madadinsa, amma duk da haka sai da aka yi shekara uku kafin ya tashi. Wannan karon babu inshorar da za ta biya kuɗin tsufa. A Janairun 2018 ministan sadarwa na lokacin, Adebayo Shittu, ya sanar da yarjejeniyar dala miliyan 550 da Sin don sabbin taurari biyu. Har yau ba su tashi ba. Sanarwa daban, kwangilar da aka sa wa hannu aka biya kafin alƙalami daban.

Akwai kuma batun gurbin kansa. A ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ƙasar da ta dakatar da amfani da zangon mitar da aka yi mata rajista tana da shekara uku ta dawo da shi, in ba haka ba a soke rajistar. Gurbin 42.5 gabas kadara ce da ke kallon Afirka da wani yanki na Turai da Asiya, kuma masu so suna da yawa.

Wasu za su ce zamani ya wuce wannan. Starlink ya fara aiki a Najeriya tun Janairun 2023, taurarinsa na shawagi a kimanin kilomita 550, intanet ɗinsa ya fi sauri. Gaskiya ne, kuma masu ƙorafin cewa NigComSat-1R bai samu masu haya yadda ya kamata ba, har a cikin ma'aikatun gwamnati, suna da hujja. Amma watsa talabijin da rediyo ga ƙasa baki ɗaya a lokaci guda har yanzu aikin tauraro mai tsayuwa ne, kuma bai dace sadarwar tsaron ƙasa ta rataya kacokan a hannun kamfanin da makunninsa ke wata ƙasa ba. Wanda ya hau dokin aro, duk inda mai shi ya ce ya sauka, nan zai sauka.

Abin da ya kamata a yi a fili yake. Ma'aikatar Sadarwa ta sanar da majalisa, a rubuce, ƙiyasin man da ya rage da ranar da za a daina gyaran karkata. Ma'aikatu da hukumomin da ke amfani da tauraron su ƙidaya kwanoninsu, su san nawa ne za su buƙaci canji. A bayyana hanyar biyan kuɗin sabbin taurarin da ranar harba su, tunda ƙira da gwaji da harbawa kan ɗauki kusan shekara uku. Idan kuma akwai alamar za a samu giɓi, a nemi tauraron haya da zai riƙe gurbin tun yanzu.

Yawancin wannan aiki a kan teburin ma'aikata yake: mai rubuta takardar majalisar zartarwa, mai tsara kasafi, hadimin da ke zaɓar fayil ɗin da maigida zai gani yau. Da yawansu daga Suleja suke fitowa kowace safiya. Fayil yana iya kwana wata shida a aljihun tebur ba a tambaye shi ba, amma man da ke tankin NigComSat-1R raguwa yake yi, ko an sa hannu ko ba a sa ba.