Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙugu, ya koma a ɗauki hoto

Jama'ar Wurno, Rabah da Goronyo, ku ba ni aron hankalinku. A cikinmu yanzu akwai waɗanda aka canza wa ƙugu ko gwiwa: dattijon da ya faɗi ya karye, ɗan kabu-kabun da ya yi hatsari, da yaranmu masu amosanin jini waɗanda kan ƙashin cinyarsu ya mutu tun ba su kai talatin ba. An sayar da sa, an jinginar da fadama, an kai su asibitin ƙashi na Dala a Kano, wasu har Masar da Indiya. Suka miƙe suna takawa, muka yi hamdala, muka jefa katin asibiti ƙasan adaka. To, aiki bai ƙare ba.

Gaɓar nan ƙarfe ne ke juyawa cikin ƙoƙon roba mai tauri, kuma kowane taku yana goge ɓurɓushin da ido ba ya gani. Likitan Ingila John Charnley ya sha wuyar wannan: robar Teflon da ya fara sa wa mutane ta cinye cikin 'yan shekaru, dole ya sauya ta da polietilin a 1962. Duk da haka ƙarfen ya ci gaba da girgiɗa a jikin wasu. Dabbobi ne suka tabbatar da dalili. A 1988 wani mai bincike, Howie, da abokan aikinsa a Ostareliya suka riƙa zuba ɓurɓushin roba a gwiwar ɓeraye, sai ƙashin da ke riƙe da simintin da aka dasa ya zaizaye, alhali babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Daga baya aka barbaɗa ɓurɓushin a ƙoƙon kan ɓera, cikin mako biyu ƙashi ya rarake. Sojojin jiki ne ke haɗiye ɓurɓushin, su kasa narkar da shi, su tayar da ƙwayoyin da aikinsu cin ƙashi ne. Kamar gara a cikin azara, ɓarnar kan yi nisa mutum bai ji ciwo ba.

Robar da aka inganta a ƙarshen shekarun 1990 ta rage gogewar ƙwarai, amma ba ta hana ta ba. Kuma matashin da ke dakon buhunan albasa da tafarnuwa ya fi tsohon da ke zaune a zaure saurin cinye ta. Wannan ya fi tayar mini da hankali, don shi ne ke da shekaru masu yawa a gaba.

Saboda haka ku tono katin nan. Ranar da likita ya sa, a je a ɗauki hoto ko babu ciwo. In ciwo ya taso a matse-matsi ko cinya, ko ɗingishi ya dawo, ko ƙafa ta gajarce, kada a nufi mai ɗori. Hannunsa ba ya ganin abin da ke bayan ƙarfe. Aiki na biyu ya fi tsada, kuma sai da sauran ƙashin da sabon ƙarfe zai kama.

Iyayenmu sarakuna da limamai, ku faɗa a fada da masallaci. Shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, ku tabbatar na'urar hoto tana aiki a asibitocinmu. Ku kuma 'yan'uwan majinyaci, ku sauke masa buhu, ku haɗa masa kuɗin mota zuwa Sakkwato.