An Karance Mu, Mu Kuma Mun Ƙi Karanta Kanmu

A shekarar 1992 aka buga wani littafi a Amurka mai suna The Adapted Mind, wanda ake lissafawa cikin tubalan farko na ilimin halayyar ɗan Adam ta fuskar juyin halitta. Mutum 3 suka tsara shi: Leda Cosmides da John Tooby da Jerome Barkow. Wannan na ukun ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ya zauna cikin Hausawa Musulmi da Maguzawa a karkarar arewacin Najeriya, ya kuma yi bincike a Maraɗi, inda a 1975 ya buga nazari kan yadda mutanen garin suke neman girma da mutunci. Ke nan da ƙasar gidanmu aka kwaɓa wasu tubalan wannan ɗaki. Abin takaici shi ne, tsakanin Dosso da Gaya ana samun malamin da ke jin sunan Darwin sai ya tofar da yawu, ya juya shafi. Ra'ayina shi ne wannan gudu ba tsoron Allah ba ne, ragwanci ne, kuma yaranmu ne za su biya kuɗinsa.

Mene ne wannan ilimi yake faɗa? Tushensa abu ne da kowace mace mai rariya ta sani. Ƴaƴa ba su zama daidai da juna, kuma wani ɓangare na bambancinsu gado ne. Yunwa da cuta da namun daji su ne rariya: siffar da ta taimaki mai ita ya rayu har ya haihu, ita ce ke yawaita a cikin jikoki. Wannan shi ne abin da Charles Darwin ya shimfiɗa a 1859. Ba sai mun je Turai neman shaida ba. Gaya tana cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Nijar, ga kogin Isa, ga fadamu, ga sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa wanda ya gaji ƙwayar sikila daga mahaifi ɗaya yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashen sauro duk da wahalar da take jawo wa wanda ya gaje ta daga iyaye biyu. Haka kuma Fulani da yawa suna narkar da madara har tsufansu, domin kakanninsu sun daɗe suna rayuwa da nonon shanu.

Abin da masu wannan ilimi suka ƙara shi ne: idan rariyar ta taɓa jini da hanji, ba dalilin da zai sa ta tsallake ƙwaƙwalwa. Ƙasusuwan da aka tono a Jabal Irhud ta Maroko sun nuna jinsinmu ya kai shekara 300,000, alhali noma bai wuce shekara 12,000 ba. Mafi yawan zamanin ɗan Adam ya yi shi ne cikin ƙananan ƙungiyoyi masu farauta da tsintar ƴaƴan itace. Zuciyar da muke zuwa kasuwa da ita yau, a can aka ƙera ta.

Dubi tsoro. Saurayin da ke tsere da babur a kan hanyar Dosso, ba hular kwano, yana ganin igiya cikin ciyawa sai ya daka tsalle. Amma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, saran maciji kuwa tsakanin 81,000 da 138,000. Susan Mineka ta gwada birai da aka haifa a ɗakin bincike: da suka ga hoton wani biri yana firgita da maciji, nan take suka koyi tsoronsa, amma da aka nuna musu yana firgita da fure, ba su koya ba. Wato ba a haife mu da tsoron maciji ba, an haife mu da saurin koyonsa. Babur kuwa jiya ya zo. Malamin da ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa wa'azin hular kwano ba ya shiga kunne da faɗa ɗaya.

Dubi amana. William Hamilton a 1964 ya bayyana dalilin da ya sa halittu suke fifita danginsu, abin da Bahaushe ya dunƙule da cewa naka sai naka. A 1971 Robert Trivers ya nuna yadda taimakon bare yake ɗorewa matuƙar ana ramawa, wato ba ni gishiri in ba ka manda. Cosmides kuma ta ba mutane wata tambayar tunani: da aka kawo ta tsirara mafi yawansu suka kasa, da aka tufatar da ita da labarin wanda ya ci riba ya ƙi biyan haƙƙi, mafi yawansu suka amsa daidai. Hankalinmu yana da kaifi na musamman wurin gano maci amana. Wa ya fi mu buƙatar sanin wannan? Masanin labarin ƙasa Olivier Walther ya wallafa littafi a 2008 kan fataken Gaya da Malanville da Kamba, ya nuna cewa cinikin kan iyaka a bisa zaren sanayya yake tafiya. A 2023 da aka rufe gada, mutane da kaya suka koma ƙetarawa cikin kwale-kwale, zaren bai tsinke ba. Hatta gulmar da muke tsinewa kullum muna yi, Barkow ya ce ita ce hanyar da mutane suke bibiyar wa ya hau, wa ya sauka, wa za a ba bashi.

To, me masu gudu suke cewa? Suna cewa Darwin ya ce biri ne ya haife mu. Bai faɗi haka ba, kuma masana ba su cewa birin da ke ɓarna a gona kakan kowa ne. Magana suke a kan asali mai nisa da aka yi tarayya a cikinsa, irin wanda ƙoƙon kan Toumaï, da aka gano a hamadar Cadi a 2001, mai kimanin shekara miliyan 7, ya ƙara wa haske. Gaskiya ne nan akwai wurin da maganar ta gogi abin da aka karantar da mu game da Annabi Adamu, kuma malaman addini na duniyar Musulmi ba su zama baki ɗaya a kan yadda za a daidaita su ba. Ba wanda ya nemi malamin aji ya ba da fatawa. Amma faɗar abin da masana suka ce, da hujjar da suka kafa, ba ridda ba ne. Ibn Khaldun ya yi dogon nazari kan asabiyya, wato ɗaurin jini da ke haɗa jama'a, tun 1377, bai kuma fita daga addini ba. Yaron da muka rufe wa littafi zai tarar da maganar a wayarsa, daga bakin wanda bai san ta ba ko wanda ke son raba shi da imaninsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Akwai kuma wasu da suka fi masu gudu haɗari, su ne masu haɗiya ba tauna. Sun tsinci kalma biyu, sai ka ji suna cewa namiji ba ya iya riƙe amanar aure domin halittarsa ce, mace ba ta shugabanci domin halittarta ce, wannan ƙabila mayaudara ce domin jininta ne. Da irin wannan karkatacciyar fassara Turawan mulkin mallaka suka jera jinsuna hawa-hawa, suka ajiye mu a ƙasa. Amsa biyu ce. Ta farko, bayyana asalin hali ba halatta shi ba ne: sauro ma halitta ne, ba mu fasa rataya gidan sauro ba. Ta biyu, binciken kansa ya ƙaryata su. A 2001 Robert Kurzban da Tooby da Cosmides suka nuna wa mutane hotunan ƙungiyoyi biyu masu gardama, kowace da baƙi da fari a cikinta. Da aka sa wa kowace ƙungiya riga mai launi dabam, cikin ƴan mintoci masu kallo suka rage lura da launin fata, suka koma lura da riga. Abin da zuciya ke nema shi ne wa ke tare da wa; iyakar kuwa mutane ne suke shata ta. Gaya shaida ce: Dendawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani suna auratayya, suna ciniki da harshe biyu ko uku. Wasan barkwanci da ke tsakanin ƙabilunmu dabara ce ta kakanni ta mai da bare ɗan gida. An ce hali zanen dutse, amma bakin da ya faɗi haka shi ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba kuma cewa nake wannan ilimi ya gama nuna ba. Wasu bayanansa labari ne mai daɗin ji wanda ba a gwada ba, domin tunani ba ya barin ƙashi a ƙasa. A 2010 Joseph Henrich da abokansa suka yi ƙorafin cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji da su a manyan mujallun ilimin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Yaya za a yanke hukunci kan kishi ba a saurari gidan da ke da kishiyoyi ba? Yaya za a yi maganar son ɗan ciki ba a auna al'adar riƙo da alkunyar ɗan fari ba? Wannan giɓi ba dalilin gudu ba ne, kira ne. Mu ne za mu iya cewa nan kun yi daidai, nan kuma halin ɗaliban Amurka kuka kira halin ɗan Adam.

Saboda haka, ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, aiki uku ke gabanmu. Mu zauna mu ƙera wa wannan ilimi kalmomi da Hausa da Dendi da Zabarmanci, domin abin da ba shi da suna a harshenka ba ka iya gardama da shi. Mu tattara karin maganarmu kan tsoro da kishi da kunya da girma, mu aza su kusa da abin da bincike ya gano, mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Mu kuma koya wa ɗalibi tambaya ɗaya da zai riƙa yi wa mai rawani da mai kwat baki ɗaya: ina hujjarka? Baƙo ya zo Maraɗi da alƙalami ya tafi da ilimi. Abin kunya ne jikokin waɗanda ya yi wa tambayoyi su zama na ƙarshe da za su ji amsar.