An Rufe Gidajen Mari, To Ina Za A Kai Yaran Kasuwa?

Idan mai karatu bai manta ba, a ƙarshen watan Satumba na 2019 ne ƴan sandan Najeriya suka kutsa wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutane kimanin 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Ba a yi wata guda ba aka kai irin wannan samame a Daura, inda aka fito da mutum 67, sannan cikin garin Katsina. Daga nan hukumomi suka shiga rufe gidajen mari ɗaya bayan ɗaya. Babu mai imani da zai goyi bayan abin da aka gani a waɗannan gidaje. Amma tambayar da iyaye da iyayen gida ke yi mana a gidan rediyo tun daga lokacin ba ta canza ba: yaro ya kamu da ƙwaya, ina za mu kai shi?

Ya kamata a faɗi gaskiya a kan abin da ya sa jama'a suka riƙa tururuwa gidan mari. Ranar da ka kai yaro ranar za a karɓe shi, ba a tambayar takarda, ba a tambayar ko daga Madarumfa ya zo ko daga Batsari, kuma ana iya sasantawa a kan kuɗi. Wato gidan mari ya fahimci yadda talaka yake rayuwa, ko da yake abin da yake bayarwa ɗauri ne da duka, ba magani ba. Duk cibiyar gwamnati da ke son maye gurbinsa dole ta zo da wannan sauƙin, sannan ta ɗora magani na gaskiya a kai.

Girman matsalar kuwa ba a ɓoye yake ba. Binciken da aka yi a Najeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ƴan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, kusan miliyan 3 daga cikinsu kuma abin ya zame musu ciwo. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce.

A takarda dai an yi gyare-gyare. Tun da aka naɗa Janar Buba Marwa shugaban hukumar NDLEA a Janairun 2021, hukumar ta ƙara ba da ƙarfi ga nasiha da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi, an kuma fitar da babban tsarin ƙasa na 2021 zuwa 2025 wanda ya sa jinya a sahu ɗaya da kame. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta kawar da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Jihar Kaduna ma ta kafa hukuma ta musamman, KADBUSA, wadda aikinta rigakafi da jinya ne, ba kame ba. Wannan rabuwa tana da muhimmanci, domin yaron da ya san cewa ƙofar da zai shiga neman magani ita ce ƙofar da aka shigar da abokinsa da ankwa jiya, ba zai taɓa kai kansa ba, ko da kyauta ake yi.

Inda muke ganin gizo ke saƙa shi ne yadda ake auna ci gaba da yawan gadaje. Da zarar an ce za a gyara cibiyar masu shaye-shaye, sai ka ji ana maganar sabon gini da katanga da ɗakin kwana. To amma wa ke shan tiramol a kasuwanninmu? Ɗan dako ne mai sauke buhunan wake tun asuba, da mai tura baro, da ɗan kabu-kabu, da yaron mota, da mai koro shanu zuwa kara. Yawancinsu ba don nishaɗi suka fara ba, don su jure wahala ne. Abin da suka samu yau shi za a ci a gida yau. Ka ce wa irin wannan ya kwanta wata uku a bayan katanga, ka ce masa ne iyalinsa su kwana da yunwa, kuma kafin ya fito wani ya gaje wurinsa a tasha.

Likitoci sun bayyana cewa tiramol ɗin asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a so a wuce 400 a yini. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa har da mai 225 da 250, shi ya sa ake ganin matashi ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Idan ya daina kwatsam, sai zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso masa na ƴan kwanaki. Wannan mataki, duk da wahalarsa, shi ne gajere, kuma da yawa ana iya ratsa shi da kulawar ma'aikacin lafiya ba tare da an kwantar da mutum ba. Dogon aikin yana bayan nan, watannin da zai koma kasuwar da mai sayarwa ya san sunansa. Nan ne kuma haɗarin ya fi yawa, domin jikin da ya huta ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba sha a da, komawa guda na iya zama ajali. Cibiyar da ta sallami mutum ba ta sa wanda zai riƙa bibiyarsa ba, ta yi aikin baban giwa.

Saboda haka gyaran da ake buƙata na ma'aikata ne da lokaci, kafin na bulo da siminti. A horar da nas da malamin asibitin sha-ka-tafi, ko na CSI a nan Nijar, su iya gane mai wannan ciwo, su ba shi shawara, su san wanda ya kamata a tura babban asibiti irin na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato ko Dawanau a Kano. Hukumar lafiya ta duniya tana da shirin irin wannan horo tun 2008, ba sabon abu ba ne. Sannan a dubi ranar aiki. Kasuwar Jibiya Lahadi take ci, ranar da ofisoshin gwamnati ke kulle. Ta Maigatari Alhamis, ta Maraɗi Litinin da Juma'a. Ranar kasuwa ce kaɗai ɗan ƙauye ke shigowa ba tare da an tambaye shi ina za shi ba. Mata kuwa, waɗanda kunya ke hana su fitowa, sai an tanadar musu mace ma'aikaciya da ƙofa dabam, in ba haka ba su ci gaba da sha a ɗaka.

Akwai kuma batun iyaka, wanda masu tsara aiki a Abuja da Yamai ba su cika sa shi a lissafi ba. Sanannen sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa yana Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, alhali Katsina ba ta wuce tafiyar kilomita 100 ba. Mutumin Ɗan Isa kudu zai duba. Amma Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Majinyaci mai bin hanyar hukuma ya tsaya, ƙwaya mai bin daji ba ta tsaya ba. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu da aka kafa tun 1971 tana nan, kuma ba sai an taru a babban taro ba kafin asibitin Maraɗi da na Katsina su amince da takardar tura majinyaci ta juna.

Kayan ma sauya riga suke yi. An hana maganin tari mai kodin a Najeriya a Mayun 2018, Indiya ta tsaurara fitar da tiramol a wannan shekara, sai ga wasu ƙwayoyi irin su Tafrodol sun cike gurbin, har Indiya ta haramta haɗinsu a 2025. Cibiyar da ba ta rubuta abin da majinyatanta ke sha wata-wata, za ta yi ta shirin yaƙar abin da ya riga ya bar kasuwa.

Mu ma ƴan kasuwa da masu hulɗa da su, akwai namu kason. Wasu iyayen gida sun san abin da yaransu ke haɗiya kafin su sauke tirela cikin dare, suna kawar da kai saboda aiki na sauri. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da sarakunan kasuwa da shugabannin tasha suna da kuɗin haraji da shagunan da ba kowa a ciki. Za su iya ware ɗaki guda a bayan kasuwa, su nemi hukumar lafiya ta turo ma'aikaci duk ranar kasuwa, su kuma yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa yaron da ya tafi jinya za a riƙe masa wurinsa har ya dawo.