Wa Ya Hana Talaka Wainar Ƙwai?

Wataƙila wasu daga cikin 'yan'uwa ɗalibai za su ce mun rasa abin faɗa, tun da ga al'amuran duniya jibge amma muka ɓuge da zancen wainar ƙwai, wainar ma ta mutanen Indiya. To, su yi haƙuri su karanta. Mu dai a ganinmu, wanda yake son ya san yadda masu mulki suka ɗauki talaka ba sai ya saurari jawabinsu na ranar 'yancin kai ba. Ya dubi abin da suka bar masa ya karya kumallo da shi.

Bari mu fara da ita wainar. Indiyawa suna kiranta masala omlet, watau wainar ƙwai mai kayan yaji. Akan fasa ƙwai biyu a kofi, a yayyanka albasa ƙanana, da ɗanyen koren barkono, da tumatir kaɗan, da wani ganye mai ƙanshi da suke kira daniya. A zuba gishiri da ɗan garin kurkum, wanda shi ne ke ba ta launin ruwan ɗorawa. A kaɗa sosai har ya yi kumfa, sa'an nan a juye a faffaɗan kaskon ƙarfe da ɗan mai ko man shanu. Ba a cika wuta, domin in an cika sai ƙasan ya ƙone albasa tana ɗanya. Da gefe ya fara ɗagowa sai a juya, a kifa burodi a kai ya sha man. Minti biyar ya yi yawa. A birnin Mumbai, wanda masu kallon fim suka fi sani da Bombay, da wani ɗan ƙaramin burodi mai suna pav ake cinta, a kora da shayi mai madara. Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi ya san wannan aiki, kurkum da ganyen ne kurum baƙinsa.

Su wa ke cinta? Lebura, da ɗan dako, da mai tuƙa keke mai ƙafa uku, da ɗalibi irinmu wanda lacca ke jira. A bakin titi suke saye, wurin masu amalanke. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki, ga shi ba a iya yi masa algus kamar yadda ake tsarma madara da ruwa. Ga mutumin da nama ya fi ƙarfinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, a watan Nuwamba na 1921 ba, na 2021 muke nufi, a zamanin nan namu, hukumomin wasu birane na jihar Gujarat, irin su Rajkot da Vadodara da Ahmedabad, suka ba da umurni a kawar da amalanken masu sayar da nama da ƙwai daga manyan tituna. A Ahmedabad har aka yanka musu mita 100 daga makarantu da wuraren ibada. Dalili? Wai wari yana damun masu wucewa, wai ganin abin yana ɓata wa masu ibada rai, wai yana lalata tarbiyyar yara. Aka bi ana ƙwace amalanke, alhali kuwa tun 2014 Indiya take da dokar da ta kare masu sana'ar bakin titi. Sai da masu sana'ar suka kai ƙara babbar kotun jihar, a watan Disamba, alƙali ya tambayi hukuma wa ya ba ta ikon zaɓa wa mutane abin da za su ci.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Akwai miliyoyin Indiyawa, musamman mabiya addinin Jain da wasu daga cikin Hindu, waɗanda imaninsu ya hana su cin ƙwai, kuma ba mu da ta cewa a kan wannan. Wanda ya ƙi ci don addininsa ya yi daidai da abin da ya yarda da shi. Rigimarmu da wanda ya ƙoshi da madara da man shanu a gidansa ne, sa'an nan ya fito da sandar hukuma ya ture kaskon wanda ba shi da su. Lalle abin lura ne cewa manyan otal-otal, inda ake soya wa attajirai irin wannan waina a ɗora musu kuɗi ninkin-ba-ninkin, ba wanda ya ji warinsu. Hancin hukuma amalanke kaɗai yake shaƙa.

Suna cewa wai cin ƙwai ba al'adar Indiya ba ce. Wace Indiyar? Binciken gwamnatinsu da kanta ya nuna fiye da kashi biyu cikin uku na mutanen ƙasar suna cin nama ko kifi ko ƙwai. In kuwa asali ake bi, barkono da dankalin Turawa da suke taƙama da su a girkinsu na ganye tsantsa baƙi ne daga nahiyar Amurka, barkonon ma 'yan Fotugal ne suka kai musu, waɗanda suka kama Goa a 1510. Ita kuwa kaza, kakarta ta daji har yau tana yawo a dazuzzukan Indiya. Har Mahatma Gandhi, wanda shi ma ɗan Gujarat ne kuma bai ci nama ba a zamanin gwagwarmayarsa, ya rubuta cewa wanda ya yarda da shan madara ba shi da hujjar ƙin ƙwan da zakara bai taka ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne na yara. Tun 2001 kotun ƙoli ta Indiya ta wajabta wa jihohi su ba 'yan firamare dafaffen abincin rana. Amma a 2015 Shivraj Singh Chouhan, babban ministan jihar Madhya Pradesh a lokacin, ya ƙi amincewa a sa ƙwai a abincin ƙananan yara na yankunan ƙabilun karkara, a jihar da take cikin waɗanda tamowa ta fi yi wa ɓarna. Iyayen waɗannan yara ba su haramta wa kansu ƙwai ba, kuɗinsa ne ba su da shi. A kwatanta da jihar Tamil Nadu ta kudu, inda M. G. Ramachandran, tsohon tauraron fim, ya faɗaɗa ciyar da 'yan makaranta a 1982, Karunanidhi ya ƙara ƙwai a 1989, kafin 2010 ta ƙare ana ba da shi kwana biyar a mako. Yaron da ba ya ci ana ba shi ayaba. Shi ke nan, ba faɗa ba tashin hankali. Ashe ana iyawa.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu ma nan muna da masu hana ƙwai, ko da yake hujjarsu daban. Har yanzu akwai gidajen da ake cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama, sai a dafa wa maigida, yaro ya tsaya yana kallo. Muna kuma da manyan da ba sa tuna mai shayi sai ranar da wani babban baƙo zai zo gari, a aiko a kwashe masa tebur da sunan tsabta. Kuma kada mu manta, rikicin "Ali Must Go" na 1978, wanda ɗalibai suka rasa rayukansu a Legas da Zariya, ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abinci na cikin abin da ya tayar da shi. Magabatanmu ba su ɗauki zancen ciki ƙaramin zance ba, sun san da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su sa karin kumallo cikin abubuwan da za su kai gaban hukuma a wannan zango: a ba masu shayi matsuguni na dindindin kusa da ɗakunan kwana, da ruwa da wurin zubar da shara, a kuma zauna da su a kan farashi. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu, mu fara tambayarsa nawa ake soya ƙwai biyu da rabin burodi a bakin ƙofa.