Kafin Mu Yaba Fenti, Mu Leƙa Ƙarƙashin Mota

Wannan makon kan tsofaffin jif-jif za mu tattauna, irin su Land Cruiser da Hilux da ke kai mu ƙauye da damina.

Mukan je sayen tokumbo mu duba fenti da kujeru, mu saurari ƙarar inji, amma ba ma sunkuyawa mu duba casis, ƙarfen da ke ɗauke da motar gaba ɗaya. Da yawa daga motocin nan sun fito ne daga ƙasashen sanyi kamar Kanada, inda ake barbaɗa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Gishirin da ruwa sukan shige cikin ƙarfen, tsatsa ta riƙa ci daga ciki. A 2016, kamfanin Toyota ya amince da sulhun kusan dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar casis ɗin Tacoma, Tundra da Sequoia.

A ganinmu, shafa baƙin fenti kan tsatsa don a sayar da mota ha'inci ne, tunda rayukan fasinja ke kai. Kyan ɗan maciji ke nan.

Kafin mu biya kuɗi, mu hau da motar kan rami, bakanike ya ƙwanƙwasa ƙarfen da guduma. Inda ya ɓurme, sai an yanke an yi walda. Inda tsatsar ke sama-sama, a kankare kafin fenti. Bayan damina kuma mu wanke laka, domin ita ke riƙe danshi.

Allah Ya tsare hanya. Muna jiran ra'ayoyinku.