Jiran Finafinan Almarar Kimiyya a Gwarzo da Kabo

Kwanakin baya hanya ta bi da ni Gwarzo, na tsaya kusa da tasha a rumfar wani mai cajin waya da tura finafinai. Ina nan tsaye sai ga samari uku, da gani 'yan sakandare ne, suna gardama kan fim ɗin da bai ma fito ba. Ɗaya ya ce kashi na uku na Dune, wanda aka sanya wa watan Disamba na 2026, shi ne zai rufe bakin kowa. Na biyu ya ce shi ci gaban Kalki na Indiya yake jira. Na ukun tambaya ɗaya kawai ya yi wa mai rumfa: “Oga, idan ya fito, kwana nawa kafin a fassara?” Da na biyo ta Kabo a hanyar komawa Kano, na ba wani malamin makaranta labari, sai ya yi dariya ya ce ai ɗalibansa sun fi sanin ranar fitowar Avatar na huɗu, wato 2029, fiye da ranar jarrabawarsu.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai shirme ne na yara. Ni ban ɗauke shi haka ba. Yaron da bai taɓa shiga sinima ba, wanda wutar lantarki ke yi wa zuwan baƙo, yana zaune yana ƙidayar watanni domin ya ga yadda wasu mutane suka hango duniyar gobe. Ƙishirwa ce ta gaske, kuma rijiyar wasu ce kaɗai ke kashe ta.

Wannan sha'awa ba yau ta fara ba. Ta ƙofar Indiya ta shigo mana, kamar yawancin al'adunmu na kallo. Koi Mil Gaya na 2003 da Krrish na 2006 sun zaga gidajen kallo, sannan Enthiran na 2010, inda Rajinikanth ya fito a matsayin mutum-mutumi, ya zama abin hira a majalisu. Da masu fassara irin su Algaita suka soma ɗora muryar Hausa a kan finafinan waje, sai katangar harshe ta faɗi gaba ɗaya. Yau ɗan ƙauye da ƙaramar waya da katin ajiya ya isa ya kalli abin da aka kashe wa miliyoyin daloli.

To amma ina namu? Abin da ke ba ni takaici shi ne mun riga mutane da yawa farawa. A 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da ya yi tafiya zuwa sararin samaniya, da Hausa tsantsa. Fiye da shekara 50 ke nan. Masana'antar Kannywood ta taso tun farkon shekarun 1990, ta fitar da finafinai bila adadin kan soyayya da kishi da rikicin gado, amma wannan fage ta bar shi kusan fayau.

Idan ka tambayi masu shirya fim, amsarsu ɗaya ce: babu kuɗi, babu kayan aiki. Akwai gaskiya a ciki. Kasuwar faifai ta mutu, satar fasaha ta cinye riba, kuma shirin gina dandalin finafinai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji ya wargaje a 2016 bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. Sai dai wannan uzuri bai gamsar da ni ba. A Kaduna, nan kusa da mu, wasu matasa da ake kira The Critics sun yi suna a duniya a 2019 da gajerun finafinan almarar kimiyya da suka ɗauka da wayar hannu da koren ƙyalle, har J.J. Abrams, wanda ya ba da umarni a Star Wars, ya aika masu da kayan aiki. A Kenya, Wanuri Kahiu ta yi Pumzi a 2009, fim da bai kai rabin awa ba, kan duniyar da ruwa ya ƙare a cikinta. Abin da ya ɗaga waɗannan ayyuka tunani ne da rubutu. A nan ne muke da giɓi: marubucin fim ɗin Hausa ba ya zama da malamin kimiyya, malamin kimiyya kuma yana ganin fim aikin marasa aiki ne.

Ga labarai kuwa a ƙofar gidanmu. Me ya sa Dune ya kama zukatan yaran Gwarzo? Hamada suka gani, da mutanen da ke tattalin ɗigon ruwa kamar zinariya, da manyan dauloli masu zuwa kwasar arzikin ƙasar talaka. Wanda ya san yadda Tafkin Chadi ya janye tun daga shekarun 1960, ko ya ga manomin rani yana dogaro da madatsar Challawa a Ƙaraye, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Marubuci zai iya tambaya: yaya kasuwar Getso za ta kasance bayan shekara 70 idan damina ta koma wata biyu? Wa zai mallaki ruwa, kuma me liman da dagaci za su ce? Ɗan Kabo kuwa bai kamata mafarkin sama ya zame masa baƙo ba, tunda Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin jiragen Kabo Air tun 1980.

Akwai kuma batun da iyaye suka fi damuwa da shi, kuma suna da hujja. Kalki na 2024 a kan tatsuniyoyin addinin Hindu aka gina shi. Dune, wanda Frank Herbert ya rubuta littafinsa a 1965, ya ari kalmomi irin su Mahadi ya juya su yadda ya ga dama. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya kiran ɗan Kannywood ta ce ya yanke wuri kaza, amma ba ta da iko da abin da yaro ya sauke daga intanet cikin dare. Sakamakon shi ne na gida yana tafiya a tsorace, yana gudun duk labarin da za a ce ya taɓa gaibu, na waje kuma yana shigowa ba shamaki.

Shawarata ba ta buƙatar biliyoyi. Jami'ar Bayero, wadda sabon mazauninta ke kan hanyar Gwarzo ɗin nan, za ta iya haɗa kai da Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta jihar, mai kula da irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun daga 1977, a sanya gasar rubuta gajeren labarin almarar kimiyya da Hausa. Wanda ya yi fice a ba wa furodusa ya mayar da shi fim na minti 15, hukumar tacewa kuma ta shigo tun daga matakin rubutu domin kowa ya san iyakarsa. Kafin nan, a sake buga littafin Umaru Dembo. Na tambayi samarin nan uku ko sun taɓa jin sunansa, babu wanda ya taɓa ji a cikinsu.